Tallan Ba-Zata a Kan Titi: Yadda Tashoshin Talabijin Suka Koyi Farautar 'Yan Kallo

Tallan ba-zata na kan titi dabara ce da tashoshin talabijin da kamfanonin nuna shirye-shirye ta intanet suke amfani da ita wajen sanar da jama'a fitowar sabon shiri, ko dawowar wani shiri mai dogon zango. Ya bambanta da allon talla na yau da kullum, mai ɗauke da hoton jarumai da sunan shiri da ranar farawa. A nan wani abu ake ɗaukowa daga cikin labarin a dasa shi a tsakiyar gari kamar gaske: kantin da ba ya sayar da komai, ko lauyan da babu shi a duniya, ko ƙoƙon kan dodo a bakin teku. Mai wucewa yakan ja ya tsaya yana tambayar ko mene ne wannan, kuma tsayawar nan ita mai talla ya biya kuɗi ya saya. Sana'ar ta fi ƙarfi a Amurka da Birtaniya, kuma ta girmi talabijin da kusan shekara 100.

Tushenta yana wurin masu wasannin nishaɗi na Amurka a ƙarni na 19, wato ayarin 'yan dabo da masu wasa da namun daji da ke yawo gari-gari da tantuna. Kafin ayari ya iso, sai a tura 'yan share fage su lulluɓe bangayen gari da rumbunan manoma da manyan fastoci masu launi. A 1835 wani mai ɗab'i a New York mai suna Jared Bell ya buga irin waɗannan manyan fastoci domin masu wasan, kuma daga nan ake lissafa farkon allon talla na zamani. A 1891 masu liƙa fastoci suka kafa ƙungiyarsu a Chicago, a 1900 kuma aka daidaita girman allo ta yadda fasta ɗaya za ta dace da kowane gari. Daidaitawar ta sauƙaƙa ciniki, amma ta zo da matsalar da har yau ake fama da ita, domin abin da ido ya saba da shi yakan daina ganinsa.

Wanda ya fahimci wannan tun da wuri shi ne P. T. Barnum, wanda ya buɗe gidan kallonsa a kan titin Broadway a 1842. A tarihin rayuwarsa ya ba da labarin yadda ya ɗauki wani mai neman aiki ya ba shi bulo biyar. Ya umarce shi ya ajiye huɗu a kusurwoyin da ke kewaye da gidan, ya riƙe na biyar, ya riƙa zagayawa yana musanya wanda ke hannunsa da wanda ke ƙasa, kada ya ce wa kowa uffan. Duk bayan awa guda sai ya shiga gidan kallon, ya ratsa ɗakunansa, ya fito ya ci gaba. Mutane suka taru suna binsa, kuma duk shigar da zai yi sai wasu su sayi tikiti su bi shi don su ga ƙarshen abin. Bayan 'yan kwanaki 'yan sanda suka sa aka dakatar saboda cunkoso. Duk sassan sana'ar suna cikin wannan labari: abu mai araha, rashin bayani, taron jama'a, da kuma hukuma da ke zuwa daga baya.

Masu tallan finafinai suka gaji dabarar. A 1920 Harry Reichenbach, wanda aka ɗauka ya tallata wani fim na Tarzan, ya sa wani mutum ya kama ɗaki a otel ɗin Belleclaire a New York da sunan T. R. Zann, aka hau masa da wani ƙaton akwati da aka ce kayan kiɗa ne. Da baƙon ya nemi a kawo masa ɗanyen nama mai yawa, sai aka gano zaki ne a ɗakin. Jaridu suka buga labarin, kafin daga baya su gane talla suka yi wa fim kyauta. Aikinsa bai da maraba da na gardi mai tara jama'a da kura a kasuwa kafin ya fito da maganinsa, illa dai shi 'yan jarida yake son tarawa. Wannan shi ne babban abin da Reichenbach ya ƙara wa sana'ar: mutanen da suka ga zakin da idonsu 'yan kaɗan ne, amma waɗanda suka karanta labarinsa ba su ƙirguwa.

Shi ma allon kansa ya yi ta samun masu yi masa dabara. Daga tsakiyar shekarun 1920 zuwa 1963 kamfanin Burma-Shave ya riƙa jera ƙananan alluna a gefen hanya, kowanne da guntun magana, sai direba ya wuce na ƙarshe kafin ya san abin da ake tallatawa. A dandalin Times Square kuwa, allon taba Camel da Douglas Leigh ya ƙera ya yi ta fesa zoben tururi kamar hayaƙi tun farkon shekarun 1940 har zuwa 1966. A 1967 kamfanin waƙoƙi na Elektra ya kafa wa mawaƙan The Doors allo a titin Sunset na Los Angeles, titin da daga baya ya zama fagen gasar tashoshin talabijin.

Sai dai talabijin ta daɗe ba ta damu da titi ba, kuma dalilin a fili yake. Tashoshi uku ne, NBC da CBS da ABC, suka riƙe Amurka, har a ƙarshen shekarun 1970 kusan kashi 90 cikin 100 na masu kallon dare suna hannunsu. Tashar da ke da irin wannan jama'a ba ta buƙatar bango. Tana tallata shirinta ne a tsakanin sauran shirye-shiryenta, sannan mujallar TV Guide, wadda ta fara fitowa a 1953, ta ƙarasa sauran aikin.

Abubuwa da dama ne suka rushe wannan zaman lafiya. Tashoshin kebul sun yawaita, Fox ta shigo a 1986, masu kallo suka warwatsu. Tashar HBO, wadda ta fara aiki a 1972, ba ta saka tallan 'yan kasuwa, da kuɗin wata na masu rajista take rayuwa, don haka wanda take son jawowa shi ne mutumin da ba ya kallonta, kuma babu yadda za ta same shi a kan allonta na gida. A 1999 na'urar TiVo ta fito, ta ba mai kallo damar naɗar shiri ya tsallake talla. A wannan shekarar ce kuma tallan taba ya bar allunan Amurka bisa yarjejeniyar da kamfanonin taba suka ƙulla da jihohi a 1998, manyan wurare suka zama fanko suna jiran sabon mai haya. Ga kuma littafin Jay Conrad Levinson na 1984, Guerrilla Marketing, wanda ya yaɗa tunanin tallan sunƙuru, wato ƙaramin ɗan kasuwa ya yi amfani da wayo a inda ba shi da kuɗi. Abin dariya shi ne manyan kamfanoni masu kuɗin ne suka fi cin moriyar shawarar.

A 2004 tashar ABC, wadda a lokacin take bayan takwarorinta, ta zuba ƙarfinta a kan sabbin shirye-shirye biyu. Domin Desperate Housewives, labarin matan aure masu ɓoyayyun asirai, ta buga talla a jikin ledojin da shagunan wanki da guga ke saka tufafi. Domin Lost, labarin fasinjojin jirgin sama da ya faɗi a tsibiri, ta watsa kwalabe masu ɗauke da saƙo a bakin teku. Lost ya buɗe da masu kallo sama da miliyan 18, ɗayan kuma da sama da miliyan 21. A 2006 CBS ta sa aka zana sunayen shirye-shiryenta da hasken leza a jikin ƙwai miliyan 35 da aka sayar a kantuna. Jaridu sun yi ta barkwanci da labarin ƙwan, wanda shi ne abin da tashar ke so.

Shekarar 2007 ce ta nuna iyakar kyau da iyakar haɗarin sana'ar. A tsakiyarta HBO ta haska wani gajeren fim da majigi a jikin bangon wani bene a Manhattan, aka nuna kamar an yanke bangon ana hango gidaje takwas da abin da mazaunansu ke yi a lokaci guda. Aikin, mai suna HBO Voyeur, ya ci babbar kyautar tallan waje a bikin Cannes na 2008. A watan Satumba kuma tashar Showtime ta rina ruwan famfunan ado ja wur a birane fiye da 10, domin dawowar Dexter, labarin masanin binciken jini da ke kisa a ɓoye. Amma abin da aka fi tuna shekarar da shi ya faru ne tun a farkonta, a birnin Boston.

Sashen Adult Swim na tashar Cartoon Network, mallakar kamfanin Turner, ya ɗauki wani kamfanin talla mai suna Interference domin ya tallata katun ɗin Aqua Teen Hunger Force da fim ɗinsa da ke tafe. Aka ƙera ƙananan faranti masu ƙwayayen lantarki da batir da wayoyi, waɗanda in dare ya yi suke haska siffar wani ɗan katun yana daƙuwa irin ta Turawa da yatsan tsakiya. Aka manna su a birane 10, ciki har da New York da Chicago da Los Angeles da Atlanta da Seattle. Babu sunan tasha a jiki, babu lambar waya, kuma ba a nemi izinin kowa ba. Sun shafe makonni biyu zuwa uku a rataye ba wanda ya kula.

Da safiyar 31 ga Janairu 2007 wani fasinja ya hango ɗaya a jikin ginshiƙin gadar babbar hanyar I-93, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Sullivan Square, ya sanar da 'yan sanda. Nan take allura ta tono garma. Masu kwance bam suka zo suka tarwatsa farantin, aka rufe wani ɓangare na hanyar da layin jirgin. Da rana aka sami rahoton wasu, sai aka rufe gadoji biyu a kan kogin Charles, aka hana jiragen ruwa wucewa. Jirage biyu daga cikin waɗanda aka kai harin 11 ga Satumba 2001 da su daga filin jirgin saman Boston suka tashi, don haka garin ba ya wasa da abu mai batir da waya a ƙarƙashin gada. Sai da yamma Turner ya fito ya ce talla ne. Aka kama samari biyu da suka manna farantan, waɗanda daga baya aka janye tuhumarsu bayan sun yi aikin hidimar jama'a. Turner da Interference suka biya dala miliyan 2, rabi don mayar wa hukumomi abin da suka kashe, rabi don ayyukan tsaro. Shugaban Cartoon Network, Jim Samples, ya yi murabus a ranar 9 ga Fabrairu.

Masu cewa duk surutu riba ne sun yi hasashen cewa kamfanin ya ci kasuwa, tunda sunan katun ɗin ya shiga kowace jarida a duniya a kan kuɗin da bai kai na tallan minti guda a babban wasan ƙwallon Amurka ba. Alƙaluman kamfanin ƙidayar masu kallo Nielsen na makon ba su goyi bayansu ba, domin adadin matasan da ke kallon shirin kusan bai motsa ba. Waɗanda suka gane ɗan katun ɗin da ma suna kallo, waɗanda suka tsorata kuwa ba irin kallonsu ba ne. Tun daga nan neman izinin hukuma da sanar da 'yan sanda suka shiga cikin lissafin manyan kamfanoni, abin da ya rage wa tallan sunƙuru sunƙurunsa.

Salon da ya biyo baya shi ne na yin kamar duniyar labarin gaskiya ce. A 2008, kafin HBO ta fara True Blood, labarin dodanni masu shan jini da suka fito suna zaune cikin mutane, aka cika alluna da tallan wani abin sha wai jinin roba a kwalba, har da injinan sayarwa da aka rubuta wa cewa kaya sun ƙare. A watan Yulin 2014 wani allo ya bayyana a gefen babbar hanya a Albuquerque yana tallata lauya James M. McGill, da lambar waya da in aka kira ake jin muryar jarumi Bob Odenkirk. Masoyan shirin Breaking Bad suka gane cewa share fagen sabon shirin Better Call Saul ne. A 2015 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta buɗe fuskar kanti a titin Regent na Landan da sunan Persona Synthetics, wai kamfani ne mai sayar da mutum-mutumin inji domin aikin gida, kuma mutane da yawa sun ɗauka gaske ne kafin a bayyana cewa tallan shirin Humans ne.

Sakamakon ukun ya bambanta. Humans ya buɗe da masu kallo kusan miliyan 4 a daren farko, adadin ya haura miliyan 6 da aka haɗa da masu kallo daga baya, kuma tashar ta ce ta fi shekara 20 ba ta ga wasan kwaikwayonta ya buɗe haka ba. Sabon shiri ne da ba wanda ya san shi, don haka a nan ana iya ba tallan rabonsa na yabo. Better Call Saul ya buɗe da miliyan 6.9 a Fabrairun 2015, amma ɗan gidan Breaking Bad ne, kuma an saka shi ne bayan The Walking Dead, shirin da ya fi kowanne jama'a a kebul. Rabon allon Albuquerque a cikin wannan adadi ba ya rabuwa da sauran. True Blood kuwa, duk da shagalin da aka yi, da miliyan 1.4 kawai ya fara. Sai a zango na biyu ya buɗe da miliyan 3.7, bayan masu kallo sun yi ta ba juna labari.

Zuwan wayar salula mai kyamara da YouTube da Facebook ya mayar da titi wurin ɗaukar hoto. A Afrilun 2012, domin buɗe tashar TNT a Beljiyam, aka dasa jan maɓalli a wani dandali mai shiru a garin Aarschot. Duk wanda ya danna sai motar asibiti ta zo, faɗa ya kaure, a yi harbe-harben wasa, daga ƙarshe a saki ƙyalle mai sunan tashar. 'Yan tsiraru ne suka gani a dandalin, amma kafin wata ya ƙare an kalli bidiyon sama da sau miliyan 20. Birtaniya ta ƙware a wannan fanni. A Yulin 2013 aka wayi gari da ƙoƙon kan dodo mai tsawon kusan mita 12 a bakin tekun Charmouth, wurin da da ma ya shahara da tono ƙasusuwan halittun da, domin tallata shirin Game of Thrones a manhajar Blinkbox. Zaɓen wurin shi ne rabin dabarar, domin a can ne kawai mutum zai ɗan yi shakka ko gaske ne. Daga wannan lokaci ake tsara abu tun farko da tunanin yadda zai fito a hoto, kuma allo ɗaya ko biyu sun isa.

Kamfanonin intanet, waɗanda aka zata za su kashe allon talla, su suka fi rungumarsa. A Satumbar 2017 fararen alluna suka bayyana a Los Angeles da New York da rubutun da ke kiran Netflix abin dariya, aka yi ta hasashen wane abokin gaba ne ya yi, ashe kamfanin ne da kansa yake tallata shirye-shiryensa na barkwanci. A 2018 ya sayi alluna kusan 35 daga kamfanin Regency, akasarinsu a titin Sunset da kewaye, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 150. Yawan shirye-shirye ne ya jawo haka. Bisa ƙidayar tashar FX, wasannin kwaikwayo masu dogon zango a Amurka sun tashi daga kimanin 210 a 2009 zuwa kusan 600 a 2022, kuma a irin wannan cunkoso a san sunan shiri ma nasara ce. Allunan Sunset suna da wasu masu kallo na musamman da ba a cika faɗa ba: mambobin ƙungiyar da ke zaɓen gwarzayen kyautar Emmy, su fiye da 20,000, waɗanda da yawansu a Los Angeles suke zaune, sai kuma jarumai da marubuta da ke son ganin an ɗaukaka aikinsu. Wani allon ana kafa shi ne don a faranta wa jarumi rai ya sake sa hannu a kwantiragi.

Titi kuwa na kowa ne, kuma mai wucewa ba shi da maɓallin sauya tasha. Daga nan ne yawancin rigingimun ke tasowa. A 2011 aka liƙa tallan The Walking Dead, labarin gawarwaki masu tafiya, a jikin bangon da ke manne da gidan shirya jana'iza a garin Consett na Ingila, sai da kamfanin allon ya ba da haƙuri ya cire. A 2014 FX ta sauya wasu allunan The Strain masu hoton tsutsa a cikin ƙwayar ido, bayan iyaye sun koka cewa 'ya'yansu na firgita. A Nuwambar 2015 Amazon ya lulluɓe kujerun taragon jirgin ƙarƙashin ƙasa na titi na 42 a New York da tambura masu kama da na 'yan Nazi da na daular Japan, domin The Man in the High Castle, labarin da ya ƙaddara cewa su suka ci Yaƙin Duniya na Biyu. Magajin gari Bill de Blasio ya yi tir, Gwamna Andrew Cuomo ya sa aka cire. A Disambar 2016 gwamnatin Kolombiya ta nemi a sauke wani ƙaton allon Narcos a dandalin Puerta del Sol na Madrid, mai hoton jarumin da ya fito a matsayin Pablo Escobar da gaisuwar Kirsimeti da ke habaici da farin hodar iblis. Ba a sauke ba.

Tambayar ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu ta fi wuyar amsawa fiye da yadda masu sana'ar ke nunawa. Hukumar da ke auna tallan waje a Amurka, wadda aka kafa a farkon shekarun 1930 kuma ta koma suna Geopath a 2016, tana ƙiyasta yawan waɗanda suka wuce ta gaban allo da waɗanda mai yiwuwa suka dube shi, yanzu har da taimakon bayanan motsin wayoyi. Ba ta iya faɗin wanda ya koma gida ya kunna shirin. Kamfanonin talla su kuma sukan tattara labaran jaridu da maganganun kafofin sada zumunta, su ƙiyasta abin da za a biya da a ce saye aka yi, su kira shi riba. Wannan lissafi yana auna surutu ne kawai, har da na masu zagi. Galibin labaran nasara kuma daga takardun neman kyauta suke fitowa, waɗanda kamfanonin da suka yi aikin ne ke rubutawa, kuma ba wanda ke shigar da aikin da ya faɗi gasa. Kamfanonin intanet sun daɗe suna ɓoye alƙalumansu. Netflix bai fara fitar da jerin awannin kallo na mako-mako ba sai a Nuwambar 2021.

Akwai kuma rikicin wanne ya riga wanne. Squid Game na Koriya ta Kudu ya fito a ranar 17 ga Satumba 2021 ba tare da wani babban talla a ƙasashen Yamma ba, ya tara awannin kallo biliyan 1.65 cikin kwana 28. An yi filin wasa na talla a tashar jirgin Itaewon a Seoul, wanda aka rufe da wuri saboda dokar ba da tazara ta lokacin korona, an kuma kafa ƙatuwar 'yar tsanar shirin a wata mararraba a Manila. Amma 'yar tsanar da aka girke a gaɓar tekun Sydney a ƙarshen Oktoba ta zo ne bayan shirin ya riga ya cika duniya. Haka kujerun sarauta shida da HBO ta ɓoye a Ingila da Suwidin da Sifaniya da Brazil da Kanada da New York a 2019, gabanin zangon ƙarshe na Game of Thrones, masoyan da suka bazama nemansu ba sa buƙatar a tuna musu ranar farawa. Irin wannan talla aikinsa riƙe masoya da ɗumama zance. Shi ne aikin da akwatin gilashin da Apple ya kafa a tashar Grand Central ya yi a ranar 14 ga Janairu 2025, inda jarumi Adam Scott da abokan wasansa suka zauna suna aikin ofis a gaban matafiya, kwana uku kafin shirinsu Severance ya dawo bayan kusan shekara uku ba a gan shi ba.

Abin da shaidun da ke hannu suka nuna shi ne dabarar tana aiki idan ta fito daga cikin labarin kansa, idan mai gani zai iya danganta ta da shirin cikin sauƙi, kuma idan hoto ɗaya ya isa ya bayyana ta. Ko a hakan, abin da take sayowa shi ne sanin suna da kallon daren farko, kuma hukuncin dare na biyu yana hannun marubuci da darakta. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne allon Dracula da BBC ta kafa a Landan da Birmingham a farkon Janairun 2020. Da rana farin allo ne da aka soke da turaku masu jini-jini, ba tsari ba siffa. In rana ta faɗi fitila ta kama daga gefe, sai inuwar turakun ta haɗu ta zama fuskar dodon da baki buɗe da fiƙoƙi. Hotunansa sun zagaya duniya, ya kuma ci kyaututtuka. Shirin kashi uku ne, an nuna shi a dare uku a jere. Kashi na farko ya sami masu kallo kimanin miliyan 3.6 a daren da aka nuna shi, na uku kuma ya sauko zuwa kimanin miliyan 2.7.